Mazda MX-5 ta 1989 da Toyota Sienna ta Zamani: Abin da Nauyi ke Yi wa Mota

Mazda MX-5 ta farko, wadda ta fito a 1989, da Toyota Sienna ta wannan zamani motoci ne na kamfanonin Japan guda biyu, kuma dukansu an tsara su ne ana hangen masu saye na Amurka. Ta farkon ƙaramar motar nishaɗi ce mai kujera biyu da rufin tamfol da ake naɗewa, nauyinta kimanin kilo 960. Ta biyun motar iyali ce mai ɗaukar mutum bakwai ko takwas, nauyinta ya haura kilo 2,000. Shekara talatin da 'yan kai ne tsakanin MX-5 ta farko da Sienna ta baya-bayan nan, kuma wannan tazara ce ta sa kwatancin yake da amfani. Idan aka jera su ana ganin nisan da ƙirar mota ta yi a cikin waɗannan shekaru, ana kuma ganin abin da duk wannan ci gaba bai iya sauyawa ba, wato hukuncin da nauyi ke yi a kan abin da ke tafiya.

Asalin MX-5 yana komawa ga ƙananan motocin Ingila na shekarun 1960, irin su MGB da Triumph Spitfire, musamman Lotus Elan ta 1962, wadda nauyinta bai kai kilo 700 ba. Colin Chapman, wanda ya kafa Lotus, ya gina sunansa a kan ra'ayin cewa rage wa mota nauyi ya fi ƙara mata ƙarfin inji amfani, domin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kawai yake taimako, rashin nauyi kuwa yana taimako a ko'ina. Motocin Ingilan suna da daɗin tuƙi, amma sun yi ƙaurin suna wajen yoyon mai, matsalar wayoyin wuta da tsatsa, kuma zuwa farkon shekarun 1980 kusan duk sun ɓace daga kasuwa. Wani ɗan jaridar motoci Ba'amurke, Bob Hall, shi ne ya ba Kenichi Yamamoto na Mazda shawarar a farfaɗo da wannan nau'i da ingancin aikin Japan. An zana siffar motar a ofishin Mazda na Kalifoniya, injiniya Toshihiko Hirai ya jagoranci aikin, aka ƙera ta a Hiroshima, aka kuma nuna ta a bajekolin motoci na Chicago a watan Fabrairu 1989. A Amurka an kira ta Miata, a Japan Eunos Roadster. Farashinta na farko dala 13,800 ne.

Sienna kuwa ta fito daga wata zuri'a dabam. A ƙarshen 1983 kamfanin Chrysler ya fito da Dodge Caravan da Plymouth Voyager, Renault ya biyo da Espace a Faransa a 1984, kuma daga nan aka sami motar da ke da faɗin ƙaramar bas amma ana tuƙa ta kamar motar gida, tana kuma shiga garejin gida. Toyota ya sayar da Previa, wadda injinta ke kwance a ƙarƙashin kujeru, sannan a 1997 ya maye gurbinta da Sienna, wadda aka ɗora a kan ginshiƙin Camry. Kafin a fito da zubi na biyu a 2003, babban injiniyan aikin, Yuji Yokoya, ya tuƙa mota mil 53,000 a Amurka, Kanada da Meziko domin ya ga yadda iyalai ke tafiya da idonsa. Daga wannan zubi aka koma haɗa ta a Princeton ta jihar Indiana. Zubi na uku ya zo a 2010, na huɗu a 2020, kuma shi wannan na huɗu babu shi sai da haɗakar injin fetur da na lantarki.

Girman jikinsu ya isa ya nuna bambancin niyya. Tsawon MX-5 bai cika mita 4 ba, tsayinta daga ƙasa zuwa rufi kimanin mita 1.23. Sienna ta zubi na huɗu ta kusa mita 5.2 a tsawo, faɗinta ya kusa mita 2, tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya kuma ta haura mita 3. Direban MX-5 yana zaune ne kusa da kwalta, ƙafafunsa a miƙe, kansa bai wuce tsayin madubin gefen Sienna ba.

A fagen gudu ne mutane suka fi shan mamaki. Injin MX-5 na farko mai silinda huɗu ne, lita 1.6, ƙarfinsa doki 116, da giyar hannu mai hawa biyar. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa tana cin kimanin daƙiƙa 9. Sienna ta 2017, mai injin silinda shida lita 3.5 da giyar otomatik mai hawa takwas, tana da doki 296, kuma tana kai wannan gudu a cikin daƙiƙa 7 da ɗan abu. Ko ta zubi na huɗu, wadda aka rage wa ƙarfi zuwa doki 245 domin tsimin mai, tana yin hakan a wajen daƙiƙa 8. Ke nan idan aka tsayar da su a layi ɗaya aka saki, motar da ke kai yara makaranta ita ce za ta riga motar nishaɗi. Lissafin ƙarfi a kan nauyi yana bayyana dalili. Kowane tan na MX-5 yana da doki kusan 120 da ke jan sa, na Sienna ta 2017 kusan 140, na Sienna mai haɗaka kuma kusan daidai da na MX-5, sai dai injin lantarki yana ba da dukan ƙarfinsa tun daga tashi, giyarta kuma ba ta ɓata lokacin taka kulochi.

Wannan sakamako bai rage wa MX-5 daraja ba, domin Mazda bai taɓa tallata ta a matsayin mai gudu ba. Ko a 1989 akwai motocin gida da suka fi ta sauri. Abin da ya nuna shi ne yadda injin mota na yau da kullum ya bunƙasa: feshin mai kai tsaye cikin silinda, bawul da kwamfuta ke sauya lokacin buɗewarsa, giya mai hawa da yawa, da tayoyi masu faɗi da ingancin roba. Ƙarfin da a da sai a motar masu kuɗi ake samun sa ya zama abin da uwa ke takawa a hanyar kasuwa ba tare da ta lura ba.

Idan hanya ta fara lanƙwasa sai lamarin ya juya, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Mota mai shiga kwana tana buƙatar tayoyinta su karkatar da dukan nauyinta daga hanyar da yake son bi, wato miƙe. Ƙarfin da ake buƙata yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma riƙon taya ba ya ƙaruwa daidai da nauyin da aka ɗora mata. Gwargwadon yadda aka danne ta, rabon riƙon da take bayarwa yana raguwa. Ga kuma batun tsayi. Tsakiyar nauyin Sienna tana can sama, don haka a kwana jikinta yana kwantawa gefe, nauyi ya taru a kan tayoyin waje, musamman ta gaba, wadda ita ce ke ɗauke da inji, ita ke juya mota, ita kuma ke ja. Idan aka matsa mata, gaban motar ne ke fara zamewa waje, sai kwamfutar daidaita tafiya ta shiga tsakani ta taka birkin taya ɗaya ta rage wutar inji. Wannan hali da gangan aka gina shi, domin shi ya fi sauƙin gyarawa ga direban da ya firgita: ya ɗaga ƙafa daga totur, mota ta dawo layi.

A MX-5 an raba aikin. Inji yana gaba amma an tura shi baya gwargwadon iko, batir yana cikin but, murfin inji na alminiyam ne, kuma nauyin ya rabu kusan rabi da rabi tsakanin gaba da baya. Tayoyin gaba juyawa kawai suke yi, na baya su ke tura mota. Kowace taya tana rataye a kan hannuwa biyu masu zaman kansu, na sama da na ƙasa, tsarin da ke riƙe fuskar taya a shimfiɗe a kan kwalta ko da jikin mota ya karkata. Akwai kuma wani dogon ƙarfe na alminiyam da ya ɗaure akwatin giya da akwatin da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, don haka da an taɓa totur ƙarfin ya isa ƙasa babu jinkiri. Tayoyin kansu sirara ne, faɗin milimita 185 a kan rim mai inci 14. Abin lura shi ne, idan aka auna iyakar riƙon da kowace mota ke yi a zagaye ɗaya mai faɗi, tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, saboda tayoyin zamani sun cike wa Sienna giɓi mai yawa. Bambancin yana fitowa ne wajen sauya alkibla: daga hagu zuwa dama, daga birki zuwa kwana, daga kwana zuwa totur. Tan biyu yana buƙatar lokaci kafin ya zauna a gefe ɗaya, da wani lokacin kafin ya tashi ya koma ɗayan. Tan ɗaya mai zaune ƙasa yana yin hakan kusan a lokacin da hannu ya motsa.

Daga nan ne ainihin ƙimar MX-5 take fitowa, kuma abu ne da agogo ba ya aunawa. Mazda ya ce burinsa shi ne direba da mota su zama kamar mahayi da dokinsa, jiki ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa kallon gwanin mahayi yana tsayar da doki cak a gaban fada ranar hawan sallah ya san cewa abin da ke burgewa a wurin shi ne yadda dabbar ke amsa ƙaramar alama. Sitiyarin MX-5 yana isar da labarin kwalta zuwa tafin hannu: inda ta yi santsi, inda tsakuwa take, lokacin da tayoyin gaba suka kusa sakewa. Sandar giyarta gajera ce, tana shiga da motsin wuyan hannu. Injin ba ya ba da ƙarfinsa sosai sai ya kai juyi 6,500 a minti, don haka dole direba ya riƙa aiki da giya, ya zaɓi hawan da ya dace kafin kwana. Saboda iyakar motar ba ta da nisa, mutum yana iya kaiwa kusa da ita a gudun da doka ta yarda da shi. A Sienna an bi hanyar da ta saba wa wannan baki ɗaya, kuma daidai ne a yi haka. Sitiyarinta na lantarki ne mai laushi, an cika jikinta da abin tare ƙara, an sassauta safirin domin yaro mai barci a kujerar baya kada ya farka. Aikin injiniyoyinta shi ne su ɓoye wa mutanen ciki hanya da nauyi, kuma sun yi nasara har direba yana iya mantawa da cewa tan biyu yake ja, sai ranar da wani abu ya faɗo gabansa ya nemi kaucewa.

Birki ma yana bin wannan ƙa'ida. A taka ɗaya mai ƙarfi Sienna tana tsayawa a tazarar da ba ta fi ta tsohuwar MX-5 nisa sosai ba, wani lokaci ma ta fi ta, saboda manyan fayafayan birki da na'urar hana taya kullewa, wadda a MX-5 ta farko sai daga baya aka fara sa ta, ita ma ga wanda ya biya ƙari. Amma birki yana mayar da gudu ya zama zafi ne, kuma a gudu ɗaya Sienna tana da zafin da ya ninka na MX-5 fiye da sau biyu da za ta zubar. A doguwar gangara, da cikakken lodi, wannan zafi yana taruwa. Sienna mai haɗaka tana samun sauƙi a nan, domin injin lantarkinta yana rage gudu ta hanyar mayar da shi caji a batir.

A batun kare rai babu gardama, Sienna ce a gaba da nisa. MX-5 ta 1989 da aka sayar a Amurka tana da jakar iska ɗaya ta direba, babu ƙarfen kariya a saman kan mutum idan ta kife, kuma an tsara ta kafin ƙa'idojin gwajin karo ta gefe su tsananta a shekarun 1990. Sienna ta zubi na huɗu tana da jakunkunan iska goma, da kwamfutar daidaita tafiya wadda ta zama dole ga sababbin motoci a Amurka tun daga 2012, da kyamarar baya wadda ta zama dole a 2018, da na'urar da ke hango karo ta taka birki da kanta. Bayan na'urori akwai hukuncin nauyi, wanda a wannan karon yake goyon bayan babba. Idan motoci biyu suka yi taho-mu-gama, sauyin gudun da kowace ke sha yana bin kishiyar nauyinta, don haka mutanen cikin MX-5 za su sha jijjigar da ta ninka ta mutanen Sienna fiye da sau biyu. Masu son ƙananan motoci suna cewa saurin kaucewa ma kariya ce, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba kowane haɗari ake gani yana zuwa ba. Ya kamata a ƙara da cewa wannan kariya ta babbar mota wani ne ke biyan kuɗinta: mai ƙaramar mota, mai babur da mai tafiya a ƙasa. Wani kaso na nauyin da motoci suka ƙara tun 1989 daga ƙarfen kariya ya fito, kuma kowace mota da ta ƙara nauyi tana sa ta kusa da ita ta ƙara zama cikin haɗari.

Shan mai shi ne wuri na biyu da zato ke kuskure. Bisa ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, Sienna mai haɗaka tana yin mil 36 da galan ɗaya, wato kimanin kilomita 15 da lita guda. MX-5 ta farko tana yin wajen kilomita 10 zuwa 11 da lita, saboda gajerun hawan giyarta suna sa inji juyi da yawa a babbar hanya, kuma jikinta mai rufin tamfol ba ya ratsa iska da kyau. Idan aka raba man ga yawan mutanen da ke ciki, tazarar ta zama babba ƙwarai. Sienna mai silinda shida ta zubi na biyu da na uku ba ta da wannan tsimi. Tana shan mai fiye da MX-5, musamman a cunkoson gari.

Wajen ɗaukar kaya ba a buƙatar dogon bayani. But ɗin MX-5 yana ɗaukar ƙananan jakunkuna biyu, kuma safaya da batir sun riga sun ci wani ɓangarensa. Sienna tana da ƙofofi masu zamewa a gefe biyu, kujerun layi na uku suna naɗewa su shige ƙasa, tana kuma iya jan tirela mai nauyin kusan kilo 1,600.

Gyara kuwa yana da fuska biyu. MX-5 mai sauƙin hali ce: akwai sarari a gefen inji, wayoyinta kaɗan ne, kuma injin irin wanda ko bel ɗin da ke juya bawul ya tsinke fistan ba ya dukan bawul, don haka mota tsayawa kawai take yi. Manyan abokan gabanta tsatsa a ƙasan ƙofofi da bayan tayoyin baya, tsufan robobi, da tamfol da ke yagewa. Ba a rasa kayanta a Amurka, Turai da Japan, saboda an ƙera fiye da 400,000 na zubin farko kafin a daina a 1997, kuma a 2017 Mazda ya buɗe shirin sabunta tsofaffin a Japan. Sienna ta yi suna da juriya, amma abubuwan da ke iya lalacewa a jikinta sun fi yawa: injinan ƙofofi masu zamewa, na'urar sanyaya ta gaba da ta baya, na'urorin hange, da batir mai babban caji wanda ba kowane bakanike ya kamata ya sa masa hannu ba. Abin sha'awa, farashinsu a sabunta bai yi nisa da juna ba. Dala 13,800 ta 1989 ta kusa dala 30,000 a kuɗin 2021, shekarar da Sienna mafi araha take wajen dala 34,500.

A Nijeriya ɗaya daga cikin motocin nan ta zama 'yar gida, ɗayar kuwa da wuya a gan ta. Sienna ta zubi na farko da na biyu, waɗanda ake shigowa da su na hannu daga Amurka, sun cika tashoshin mota, suna jigilar fasinja tsakanin Kano, Kaduna, Abuja da sauran garuruwa. Dalilan a bayyane suke. Sitiyarinta yana hagu, daidai da tuƙin dama da ƙasar ta koma a 1972. Injinta da kayan ƙafarta suna da dangantaka da na Camry, wadda kowane bakanike ya sani. Tana da sauri da sanyi fiye da bas. Kujerunta kuma suna kawo kuɗi. Sai dai aikin haya yana fito da abin da injiniyoyi suka ɓoye. Idan aka ƙara fasinja fiye da kujeru, aka cika baya da buhuna, aka ɗaure wasu a sama, tsakiyar nauyi tana ƙara hawa, tayoyi suna zafi, tazarar birki tana tsawo, alhali injin yana da ƙarfin da zai kai motar gudun da ya wuce abin da tayoyin gwanjo za su iya jurewa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023, ƙishin injin mai silinda shida ya zama abin lissafi ga duk mai haya. MX-5 kuwa tsakanin cikinta da ƙasa kimanin santimita 14 ne, kujera biyu ba ta biyan buƙatar gida mai yawan jama'a, rufin tamfol ba ya tare zafin bazara ko ƙurar hunturu, kuma da yawa daga cikin na Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake.

Dukansu biyu suna nan a kasuwa, kowace ta ci gaba a kan turbarta. A shekarar 2000 littafin Guinness ya amince da MX-5 a matsayin motar nishaɗi mai kujera biyu da aka fi sayarwa a tarihi, a watan Afrilu 2016 kuma aka ƙera ta miliyan ɗaya. Tsofaffin sun zama motocin koyon tsere ga masu ƙaramin ƙarfi, musamman a gasar Spec Miata ta Amurka, inda kowa ke shiga da mota iri ɗaya. Zubi na huɗu na MX-5, wanda ya fito a 2015, yana ɗauke da jakunkunan iska na gefe, kwamfutar daidaita tafiya da jikin da ya cika ƙa'idojin karo na yau, amma nauyinsa yana wajen tan ɗaya, domin injiniyoyin Mazda sun bi sassan motar ɗaya bayan ɗaya suna rage giram-giram, har da mayar da ƙusoshin taya huɗu maimakon biyar. Toyota ya bar Sienna da nauyinta, ya nemi tsimi ta hanyar batir da injin lantarki, kuma a nau'in da ke ja da tayoyi huɗu wani injin lantarki na dabam ne ke juya tayoyin baya, babu farfela da ta haɗa su da gaba.